WANE NE MACI AMANA?

A 'yan shekarun nan da wuya a sami kalmar da ta ke yawo a bakin jama'a kamar "maci amana". In malaman makaranta suka ajiye alli suka shiga yajin aiki, sai iyaye su ce sun ci amanar yara. In albashi ya makara, sai malaman su ce akawunan ofis ne suka ci amanarsu. Akawu kuwa ya nuna sama da yatsa, ya ce manya ne suka ci amanar kowa. Su manyan ba su rasa ta cewa ba, su kan ce laifin iyaye ne da suka haifi 'ya'ya suka sake su a titi. Ga shi kowa ya laƙaba wa wani sunan, amma ba wanda ya amsa shi.

Wannan al'amari ya isa a tsaya a duba shi. Kalma kamar kuɗi ta ke, in ta yi yawa a kasuwa sai darajarta ta faɗi. A da in aka ce da mutum maci amana a gaban dattawa, ba ya iya cin tuwon dare. Yanzu sai ya yi murmushi ya ce siyasa ce. Saboda haka na ga ya kamata mu da mu ke riƙe da alli da alƙalami mu san ma'anar kalmar sosai, mu san wanda ta dace da shi da wanda ba ta dace da shi ba, domin da mu a ke jifa da ita, mu ma kuma mu kan jefi waɗansu.

Asalin Kalmar

"Amana" daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da "aminci" da "amini" da "imani". Duk suna komawa ga abu guda, watau kwanciyar rai. Wanda ka ba amana shi ne wanda in abinka yana hannunsa za ka yi barci har da minshari. A zamanin Daular Sakkwato har yarjejeniyar da a kan ƙulla tsakanin sarki da waɗansu ƙabilun da ba Musulmi ba, su biya abin da aka yanka musu a bar su lafiya, ita ma amana a ke ce mata. A gidan sarauta kuwa ga Ma'aji, wanda sunansa ma daga ajiya ya fito, shi ne mai tsaron dukiyar Baitulmali a zamanin En'e.

Sai mu duba ɗaya rabin, watau "ci". Bahaushe ya kan ci abubuwa da yawa ban da tuwo. Ya kan ci kasuwa, ya ci riba, ya ci jarrabawa, ya ci sarauta. Ya kan kuma ci mutunci, ya ci zarafi, ya ci hanci. Har bashi ma cinsa a ke yi, amma ba a zargin mutum don ya ci bashi, domin da yardar mai dukiya ya ci, a kan zai biya. Amana kuwa ba ta cikin abin da aka halatta a ci. Ba da ita a ke yi, a karɓa, a riƙe, a tsare, sa'an nan a mayar wa mai ita yadda ya ba da. To, ranar da aka ce mutum ya ci ta, ma'ana ya mai da abin ajiya abincinsa. Nauyin kalmar ke nan, kuma shi ya sa ba ta kamata da kowane mai laifi ba.

Maƙwabtan Kalmar

Hausa ba ta yi talaucin kalmomi a wannan fage ba. Kakanninmu sun lura da cewa hanyoyin da mutum ya ke bi ya kasa sauke nauyin da ke kansa suna da yawa, saboda haka suka ba kowace hanya sunanta.

Akwai wanda ya gaza. Shi ya so ya yi, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa, amma abin ya fi ƙarfinsa. Manomin da ya ci bashin iri, fari ya zo ya ƙone gona, ba a ce masa kome ba sai Allah ya mayar da alheri.

Akwai raggo ko malalaci. Yana da ƙarfin yi, jikinsa ne ba ya so. Akwai mai sakaci, wanda ba ƙyuya ce ta hana shi ba, rashin kula ne, ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga. Gaba da shi akwai mai ganganci, wanda ya ga ramin sarai, amma ya ce bari ya gwada tsallakewa da kayan mutane a kansa.

Akwai mai taurin bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba cin bashin ne abin kunya ba. Abin kunya shi ne a ga mutum da sabuwar riga ran kasuwa alhali mai binsa yana zarya a ƙofar gidansa. Akwai mai saɓa alkawari, wanda bakinsa ya fi hannunsa sauri. Akwai butulu, wanda aka yi wa rana ya yi wa mutane dare, ko da ba a ajiye kome a hannunsa ba.

A can ƙarshe ne maha'inci da maci amana su ke zaune. Abin da ya raba su da sauran shi ne sun san abin da su ke yi, suna da ikon bari, kuma suna ɓoyewa. Wanda ya tattara waɗannan mutane duka ya sa musu suna ɗaya ya yi zalunci biyu. Ya zalunci wanda ya gaza, domin ya ɗora masa abin da bai yi ba. Ya kuma yi wa maci amana na gaskiya gata, domin ya ba shi taron da zai ɓuya a ciki.

Abin Da Shari'a Da Doka Suka Tanada

Wannan bambanci ba na fatar baki ba ne kaɗai. A littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu su ke hukunci da su, kamar Risala da Muhtasar, wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, muddin bai yi sakaci ba, bai kuma ƙetare iyakar da aka yi masa ba. In ɓarayi suka fasa ɗaki suka kwashe nasa da na ajiya, ba a bin sa kome. Amma in ya ɗauki kuɗin ajiya ya zuba a fatauci ba da izini ba, suka halaka, to, sun hau kansa. Haka kuma game da bashi: matalauci a kan jinkirta masa har ya samu, mawadacin da ke ja wa mai binsa rai kuwa alƙali yana da ikon tsare shi sai ya biya.

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ita ma ta bi wannan hanya. Sashe na 311 ya bayyana cin amana da cewa a danƙa wa mutum dukiya, shi kuma da mugun nufi ya karkatar da ita ko ya mai da ita tasa. Ba a kama mutum da wannan laifi don kuskure. Abin lura a nan shi ne yadda aka jera horon. Ga sauran mutane ɗaurin ya kan kai shekara 7. In mai laifin akawu ne ko bara, ya kan kai shekara 10. In kuwa ma'aikacin hukuma ne, har shekara 14. Watau gwargwadon yardar da aka yi maka, gwargwadon nauyin laifinka. Waɗansu jihohi sun sake rubuta dokokinsu daga baya, amma wannan ma'ana ba ta sake ba.

Ma'auni Uku

Wata rana ina rangadin duba makarantu na isa wata makarantar ƙauye da hantsi. Malamai biyar ke cikin rajista, biyu na tarar. Yara suna ta guje-guje a fili, waɗansu sun riga sun koma gida. Maigari ya zo ya same ni ransa a ɓace, ya ce, "Malam, rubuta su duka ukun, maciya amana ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

Da na bincika sai na sami labari uku dabam dabam. Na farko matarsa ce naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare, ya tafi da ita asibiti, ya kuma aiko wa hedimasta da takarda tun da asuba. Na biyu yana gona. An yi wata uku ba a biya shi ba, ya ga in bai yi noma ba iyalinsa za su kwana da yunwa, sai ya riƙa satar kwana biyu a mako, bai gaya wa kowa ba. Na uku kanti gare shi a birni. Sau ɗaya a wata ya ke zuwa ya sa hannu a rajista na kwanakin da bai zo ba, ya ajiye wa wani ɗan abin goro, ya koma.

Tun daga ranar na riƙe tambaya uku da na ke yi kafin in yarda a kira mutum da wannan suna. Ta ɗaya, an danƙa masa abin, ya kuma karɓa da saninsa? Ta biyu, yana da ikon saukewa ya ƙi? Ta uku, da abin ya faskara, ya fito ya faɗa, ko ya rufe? Malami na farko uzuri gare shi. Na biyu ya yi laifi, domin ya ɓoye, kuma yaran ba su ne suka riƙe masa albashi ba, amma wanda ya riƙe albashin yana da kaso a cikin laifin. Na uku kaɗai ne ya cika ma'aunin nan uku, shi da wanda ya ke karɓar goronsa. Da na bi maganar maigari na rubuta su jimla, da na ɓata sunan mutumin kirki, na kuma sa na ukun ya sami abokan kuka.

Amanar Ilmi

Yanzu sai mu ɗauki ma'aunin nan mu auna babbar amanar da ke gabanmu, watau ilmin yara. An daɗe ana ɗaukar alkawari a kansa. Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta a 1955. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare ga kowa a ƙasa duka. A watan Satumba 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce wajibi ne kowace gwamnati ta ba kowane yaro ilmi kyauta na shekara 9, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta ce wajibi ne uba ko mai riƙo ya kai yaronsa ya kuma tabbata ya gama. Ta kuma keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin taimakon jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo rabin kuɗin aikin da za a yi kafin ta karɓi nata.

To, ina aka kwana? A 2022 asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yara wajen miliyan 18 da rabi ne ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu mata. A shekarar nan dai hukumar ilmi ta Majalisar ta ƙiyasta su wajen miliyan 20, da ta haɗa har da 'yan shekarun babbar sakandare. Ko wane lissafi aka ɗauka, kowa ya sani mafi yawan yaran nan a Arewa su ke. Lalle an yi asarar amana. Abin tambaya shi ne, a hannun wa, kuma ta wace hanya?

Iyaye

Dokar 2004 ta tanadi horo ga uban da ya ƙi. Karo na farko a tsawata masa. Na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1. Bayan haka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata 2. Sa'ad da aka yi dokar, mafi ƙarancin albashi a ƙasa Naira 5,500 ne, saboda haka Naira 2,000 kuɗi ne masu ciwo. Tun daga Yuli 2024 mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000, tarar kuwa ta koma kashi ɗaya cikin 35 na albashin wata. Da wuya ma a ji uban da aka gurfanar.

Amma ko an gurfanar, iyayen ba iri ɗaya ba ne. Uban da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa, ko wanda ya ga an kwashe 'yan makaranta a Chibok a 2014, ko Ƙanƙara a 2020, ko Kuriga a 2024, ya ji tsoro ya riƙe 'yarsa a gida, wannan ba maci amana ba ne, tsare amanarsa ya ke yi yadda ya ga zai iya. Uban da ya kai ɗansa shekara huɗu ya ga bai iya rubuta sunansa ba, ya cire shi ya kai shi wajen koyon sana'a, shi ma yana da hujjar da sai mun sunkuyar da kai kafin mu amsa ta. Amma mutumin da ke da rumbu cike, ga makaranta a ƙofar gidansa da malamai a ciki, ya ɗora wa yarinya talla, ko ya tura yaro ɗan shekara shida wani gari ba guzuri ba waiwaye, sa'an nan ya ƙara aure da kaka, wannan ya cika ma'auni. An ba shi, yana da iko, ya kuma fake da talaucin da ba shi da shi.

Malamai

A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu. Aka ce 21,780 ba su sami maki 75 cikin 100 da aka nema ba, aka kuma sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi gardamar yadda aka shirya jarrabawar, har ta yi yajin aiki a farkon 2018. A lokacin an yi ta kiran waɗannan malamai maciya amana. A ganina mafi yawansu sunansu waɗanda suka gaza. Mutumin da bai iya ba, bai iya ba. Ba a wanke shi sarai ba, domin ya san bai iya ba ya karɓi alli, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma Gwamna Nasiru El-Rufa'i da kansa ya faɗa cewa siyasa ta shiga cikin ɗaukar malamai a baya. To, wanda aka ba amanar tantancewa, ya san mutum bai cancanta ba, ya sa hannu don takardar wani babba ko don abin goro, shi ne kalmar ta fi kama. Shi kuwa ba a yi masa jarrabawa ba.

Sai zancen yajin aiki. Malaman firamare na yankin Abuja sun rufe makarantu daga Maris zuwa Yuli 2025, fiye da wata 3, a kan sabon albashi da bashin da su ke bi. Malaman jami'a kuwa sun yi wata 8 a 2022, a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009. Mai yajin aiki ba ya ɓoyewa. Ya kan ba da sanarwa, ya faɗi dalili, ya sa rana. Saboda haka bai cika ma'auni na uku ba, kuma ba daidai ba ne a kira shi maci amana. Amma kada mu malamai mu ruɗi kanmu. Yaron da ya rasa zango guda na karatu ba a biyansa bashin kwanakinsa ranar da aka biya mu namu. In an koma aji, wanda bai ƙara himma ya cike giɓin ba ya fita daga sahun masu uzuri ya shiga na masu sakaci.

Akawu

Akawu ya kan ɗauka shi ƙaramin mutum ne, ba a ba shi amanar kome ba sai takarda. Wannan kuskure ne. Takardar nan fanshon wani tsoho ce, ƙarin girman wani malami ce, kuɗin rufin wani aji ce. Akawun da fayil ya ɓace masa don tarkacen ofis, mai sakaci ne, a yi masa faɗa a koya masa tsari. Amma wanda ya sa fayil a ƙarƙashin tebur, ya ce wa tsohon malami ya dawo mako mai zuwa, yana jira a ga ido, wannan ya ci amana ko da sisin hukuma bai shiga aljihunsa ba. Haka wanda ya bar sunan mamaci a takardar albashi, ko ya rubuta makarantar da babu ita. Ba sabon ciwo ba ne. Tun a watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya miƙe a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, ya kuma koka da cin hanci. An rushe En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, amma teburin akawu yana nan, halin da a ke kuka da shi ma bai ƙaura ba.

Hukuma

A nan ne harshe ya kan yi nauyi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A ƙarshen 2024 shugaban hukumar ilmin bai-ɗaya ta ƙasa ya gaya wa 'yan Majalisar Dattawa cewa fiye da Naira biliyan 135 na tallafin shekarun 2020 zuwa 2023 suna ajiye, jihohi ba su zo sun ɗauka ba, domin ba su kawo nasu rabin ba. Waɗansu jihohi sun biya sun karɓi nasu, sun kuma cancanci yabo. Sauran fa? In muka auna, tambaya ta ɗaya ba gardama, wanda ya nemi ƙuri'a ya yi rantsuwa ya karɓi amana da bakinsa. Tambaya ta biyu ita ce ta iko. Gaskiya ne darajar Naira ta faɗi, tsaro kuma yana cin kuɗi. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Jihar da ta sami kuɗin sayen motocin manya da gina sabon masauki, ta ce ba ta da na rufin aji, ba ta gaza ba, zaɓa ta yi. Tambaya ta uku kuwa amsarta tana cikin kasafin kuɗi: abin da aka rubuta za a kashe wa ilmi, shi aka kashe? In ba shi ba ne, an gaya wa jama'a?

A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Daga wannan kaso ne a ke biyan malaman firamare. Amfanin hukuncin, in aka bi shi sosai, shi ne za a san hannun da kuɗin ya shiga. Amana ba ta tsaruwa sai an san mai riƙonta. Abin da aka ce na kowa ne, in ya ɓace ba a samun wanda za a tambaya.

Kalmomi Masu Laushi

Akwai wata ɓarna kishiyar wadda muka fara da ita. Kamar yadda a ke jifan ƙanana da kalma mai nauyi, haka a ke lulluɓe manya da kalmomi masu laushi. In malami bai zo aiki ba, an ce ya ci amana. In ofis bai biya shi ba, sai a ce "an sami tsaiko". In kuɗin gini suka salwanta, sai a ce "ana fuskantar ƙalubale". Ku lura da waɗannan jimloli, ba mai aiki a cikinsu. Tsaikon ya zo da ƙafarsa, ƙalubalen ya faɗo daga sama. Mu akawuna da malamai mu ne mu ke rubuta irin waɗannan takardu, mu ne kuma mu ke koya wa yara nahawu. Mun san kowane aiki yana da mai yinsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani, kuma da irin wannan Hausa ce a ke take shi.

Abin Da Ya Kamata

Shawarata ga 'yan'uwana ma'aikata guda huɗu ce. Ta farko, in za mu rubuta rahoto a kan wani, mu zaɓi kalmar da ta yi daidai da laifinsa. Mai uzuri a taimake shi, wanda ya gaza a horar da shi ko a sake masa aiki, mai sakaci a ja masa kunne, maci amana kuwa a kai shi gaban shari'a. Magani ɗaya ba ya warkar da cuta huɗu.

Ta biyu, kada mu rubuta "an kasa" in mun san wanda ya kasa. A faɗi ofishin, a faɗi ranar da takarda ta shiga, a faɗi ranar da ta fita.

Ta uku, in nauyi ya fi ƙarfinmu, mu faɗa tun da wuri, a rubuce. Hedimastan da ya rubuta cewa yara 120 ke aji ɗaya ba benci ba allo, ya sauke rabin nauyinsa. Wanda ya yi shiru, ya share fili ran zuwan baƙi, ya aro yara da kujeru daga wata makaranta, ya shiga cikin masu rufewa.

Ta huɗu, mu koya wa yara waɗannan kalmomi da bambancinsu, mu kuma nuna musu a aikace. Yaron da aka ba riƙon kuɗin ajinsu ya kawo lissafi daidai, a yabe shi a gaban 'yan'uwansa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma daga cikin yaran nan ne ma'ajin gobe zai fito.

Kafin ɗayanmu ya sake kiran wani maci amana, ya fara yi wa kansa tambayoyin nan uku a kan abin da ke cikin aljihun teburinsa da yaran da ke cikin rajistarsa. In ya tsira, to, ya faɗi kalmar da ƙarfi, ga babba ko ga ƙarami, ba tsoro. Allah ya ba mu ikon mayar da abin da aka ba mu ajiya yadda aka ba mu shi, amin.